Suruki a Kujerar Dama

Ran nan a tashar Goronyo na iske ku samari kun yi cincirindo a kan wasan waya guda. Ɗayanku yana sauke jirgin sama da babban yatsa, ɗaya hannun yana ɓarar gyaɗa. Jirgin ya faɗi ya kama da wuta, kuka kwashe da dariya, ya danna wani wuri aka ba shi sabo. Sai wani dogo a cikinku ya juyo ya ce mini, "Baba Sahabi, ashe aikin ga da kunka yi ba wuya garai. Jirgi ai shi ka tuƙa kainai." Motarmu ta riga ta cika, na shiga muka tafi. Yau da na samu zama ga amsarku, a karanta wa dogon nan, don na ga alama ba ya son abin da ba ya motsi. Gaskiyarsa ɗaya ce, akwai ranar da jirgi ya tuƙa kansa ina ciki, kuma zan zo wurin. Sauran kuwa kallon kitse kuke yi wa rogo.

Ni asalina malamin gona ne, mutumin Rara. Aikina bin jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan da ke tasowa kamar hadari su sauka a kan gero ko shinkafa, kafin mai gona ya gama salati sun bar masa kara. Nakan bi su da babur har in gano duhuwar da suke kwana, in kai labari, jirgi ya zo gab da magariba ya yi musu feshi. Kamfanin da aka ɗauko haya yana da fili bayan Wurno, ta hanyar Lahodu: jar ƙasa da aka daddaɓe, rumfar kwano, gangunan mai, da jirage biyu. Babban na feshi ne, kujerarsa ɗaya. Ƙaramin mai kujera biyu ne, da shi ake leƙen makwancin tsuntsu, da shi kuma ake koyarwa.

Matuƙinmu guda ne, Kyaftin Attahiru, mutumin Wurno. Shekaru sun ja, likitocin da ke duba matuƙa sun fara yi masa dogon kallo. Kamfani ya ce in ba a samu ɗan ƙasa da zai gaje shi ba za su naɗe tabarmarsu, manoma daga Rabah har Goronyo su koma kaɗa gwangwani da ihu. Aka zaɓe ni don na san kowace fadama, aka tura ni na yi karatun aji na dawo, da sharaɗi guda: in kaka ta wuce Kyaftin bai yarda na tashi ni kaɗai ba, magana ta mutu.

Abin da masu zaɓen ba su tambaya ba shi ne wace ce matata. Luba 'yar fari ce a wurin Kyaftin Attahiru. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa hawa tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa tauna ko gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba. In na hango shi a hanya nakan tuɓe takalmi tun daga nesa in durƙusa, shi kuma ya amsa gaisuwa yana kallon bango. Shi ma kunyata yake ji, ko sunana ba ya kamawa, "malamin gona" yake cewa. To wannan mutumin aka ce in shiga akwati ɗaya da shi, a rufe ƙofa, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Aikin farko da na koya shi ne zagayen jirgi kafin a tashi, kuma na koye shi cikin daɗi, don Bitrus ne ya koya mini. Bitrus makanikenmu ne, mutumin Zuru, gajere mai dariya, kuma ba 'yarsa nake aure ba. Za ka tsiyayi mai daga ƙarƙashin fiffike a 'yar kwalba ka ɗaga wa rana, in da ruwa a ciki za ka gan shi kwance a gindi. Ka shafa farfela da tafin hannu ka ji ko ta tsage. Ka motsa bakin fiffike da wutsiya ka ji ko wani abu na cijewa. Sannan akwai wani ɗan bututu da ke shaƙar iska yana gaya wa agogo gudun jirgi. Zanzaro bai taɓa ganin gidan da ya kai bututun nan kyau ba. Ka bar shi a buɗe ka je sallar azahar, ka dawo ka tarar ya yi yaɓe har ya kwaso tsutsa ya ajiye. In ka tashi da shi haka, agogo zai rantse maka tsaye kake alhali gudu kake yi. Ku duba mini ko akwai zanzaro a cikin wayarku.

Ranar da zan fara shiga, na iske Kyaftin ya riga ya zauna a kujerar dama, wadda ita ce ta malami. Na tsaya bakin ƙofa na tuɓe takalmi na jera su a ƙasa, na durƙusa gefen taya na gaida shi, sannan na hau. Ya sa abin ji a kunne, na sa nawa. Abin jin nan an yi shi ne don mutum biyun da ke ciki su ji juna duk da ƙarar inji. Muka yi shiru. Can sai ya danna maɓallin rediyo da ke kan sandar tuƙinsa, ya kira Bitrus da ke tsaye a rumfa da rediyon hannu.

"Bitrus, hwaɗa ma malamin gona shi sa takalmi. Nan ba masallaci na ba."

Na ji shi sarai, bakinsa bai fi taƙi guda daga kunnena ba. Amma ba da ni ake magana ba, saboda haka na jira. Sai muryar Bitrus ta shigo. "Malam Sahabi, Kyaftin ya ce ka sa takalmi."

"Bitrus, a ce ma Baba an ji."

"Kyaftin, ya ce ya ji."

Haka muka kafa makarantarmu. Kowace magana sai ta fita daga jirgi ta je rumfa ta dawo, kuma ba wanda a cikinmu ya ga abin mamaki a ciki, har Bitrus.

A ƙasa jirgi ba ya jin hannu, ƙafa yake ji. Akwai matakai biyu a gabanka, ka taka na hagu ya nufi hagu, ka taka na dama ya nufi dama. Ni kuwa ɗan babur ne, hannuna ya saba. Jirgi ya fara tafiya, na ga yana karkata, na murɗa sanda iya ƙarfina, shi kuma ya ci gaba cikin natsuwa ya nufi rumfa da gangunan mai. Kyaftin ya ce a hwaɗa mini in taka ƙahwad dama. Na jira saƙo. Saƙon ya iso da haki, don Bitrus yana gudu yake isar da shi. "Ya ce ƙafar dama! Ni ma na ce ƙafar dama!" Kyaftin ne ya taka birki, farfela na kaɗa wa gangar farko iska.

A sama kuma abin da ake so ka kafa hancin jirgi daidai inda sama ta haɗu da ƙasa, ka bar shi nan. Ba kallon agogo ake yi ba, kallon waje ake yi. Sanda da yatsu ake riƙe ta, kamar mai riƙe ɗan tsako, ni kuwa riƙon taɓarya nake yi mata. Akwai wata 'yar gargare tsakanin kujeru da ake murzawa har sanda ta daina ja maka hannu, in ka daidaita ta jirgi ya zauna da kansa. Duk na haddace wannan a aji. Amma kullum fiffikenmu na hagu a ƙasa yake, kamar kaza mai ciwon kafaɗa. Bitrus ya ɗauko zare ya auna fukafukai, ya kwance ya ɗaura, ya yi ta zagin waɗanda suka ƙera jirgin. Wata rana ina saukowa ya tsaya yana kallon rigata. Kafaɗar hagu ta yi baƙi da dattin ƙofa, ta dama fes. Ashe ni ne nake manne wa ƙofa don kada jikina ya taɓa na Baba, ina tafiya da sanda gefe ba tare da na sani ba. Bitrus ya nemo tsohon kwali ya soka tsakanin kafaɗunmu, fiffike ya warke.

Juyawa dama ita ce ta kusa kashe maganar. Doka ce kafin ka karkata jirgi ka juya kai ka duba inda za ka nufa, ko akwai wani jirgi ko tsuntsu. Hagu ba matsala, taga ce da sarari. Dama kuwa fuskar Baba ce. Allah ya taimake ni, zagayen fili duk ta hagu ake yi, saboda haka na daɗe asirina a rufe. Ranar da aka ce mu nufi Rabah, wadda take hannun dama, na duba hagu da kyau, na karkata hagu, na yi ta zagayawa. Garin Wurno ya wuce ƙarƙashinmu, fadama ta wuce, muka yi ta juyawa har hancin jirgi ya zo ya kalli Rabah ta bayan gida.

"Bitrus, tambaye shi mi shika nema Gwadabawa."

"Malam Sahabi, wai me kake nema Gwadabawa?"

"A ce ma Baba hanyag ga ta hi sarari."

Kyaftin ya gane. Daga ranar, duk sa'ad da za a juya dama sai ya kawar da kansa ya kalli tasa tagar, ni kuma in duba sarari ta gefen ƙeyarsa. Na san ƙeyar nan kamar tafin hannuna, har tabon ƙaho guda biyu da ke jikinta.

Sauka ita ce uwar aiki. Kana gangarowa, ƙasa na tasowa, akwai ɗan lokaci da bai fi ƙiftawar ido ba da za ka ja sanda a hankali jirgi ya zauna a kan tayoyinsa. Ka ja da wuri ka faɗo daga sama, ka ja a makare ka buga ƙasa ka yi tsalle. To ku lissafa da kanku. Kyaftin zai ce "Shi ja!", Bitrus ya ce "Ya ce ka ja!", lokacin mun riga mun buga mun tashi, sai kuma in ja, mu ƙara tashi. Manoman da ke kallo suka raɗa wa jirgin suna Kwaɗo. Ran Lahadi Bitrus yana coci, sai Kyaftin ya koma gyaran murya, in ya yi sau ɗaya in ja. Saukar Lahadi ta fi ta kowace rana kyau. Makon da mura ta kama shi kuwa na yi ta ja ina saki, har awakin da suka saba da mu suka bar filin.

Masu aikin da muke yi wa ma sai haƙuri. Mata sun gano cewa duk ƙasar ba wurin shanya kamar filinmu, sai ka dawo daga sama ka tarar an shimfiɗa turararriyar shinkafa a tsakiyarsa, ka yi ta shawagi Bitrus na roƙo ana kwashewa. Wani ya zo a fesa masa gida saboda sauro. Wani Bafulatani ya ce in mun hau mu duba masa karsana mai farin goshi. Wani dattijo daga Maikujera ya kawo ƙara cewa mun kori tsuntsun maƙwabcinsa sun dawo gonarsa, yana so a mayar wa mai su abinsa. Amma in jan-baki ya sauka da gaske, waɗannan mutanen ba dariya a fuskarsu, abincin shekara ne ake cinye musu suna kallo.

Yanzu ga ranar da dogonku ke so. Da sassafe ne, iska kwance, muka tafi leƙen ciyawar bakin madatsar Goronyo. Rediyon hannun Bitrus ba ya kaiwa can, saboda haka daga wani wuri makarantarmu ta rasa baki. Kyaftin ne ke tuƙi. Ya daidaita gargare, jirgi ya zauna, ruwa na ƙyalli ƙarƙashinmu. Sai na ji ya ce, yana kallon gaba, "Bisimilla."

Ku 'yan ƙasar nan ne. In babba yana cin abinci ya ce maka bisimilla, me kake cewa? Bakina ya amsa tun kafin kaina ya yi tunani. "Alhamdu lillahi." Na ɗora hannuwana a gwiwa.

Muka yi ta tafiya. Ban taɓa jin tuƙi mai laushi irin na ranar ba. Fiffike ba ya rawa, hanci na nan inda aka ajiye shi. Na ce a raina, ka ga hannun manya, ni yaushe zan kai nan. Madatsa ta wuce, gonaki suka wuce, garuruwan da na sani suka ƙare aka shiga waɗanda ban sani ba. Na ga kamar mun yi nisa, amma wane ni in tambayi Baba ina za shi. Can sai na ji ƙas, ƙarar ɓara goro. Goro kuwa da hannu biyu ake ɓara shi.

Shi ma a daidai lokacin, ina jin, idonsa ya faɗa kan gwiwoyina. Ya yi magana da gilashin gaba.

"Ko wa ka tuƙin jirgin ga?"

Na amsa wa tagar hagu. "An aza Baba na."

"An ce bisimilla tun bisa madatsa."

"An ce alhamdu lillahi."

"To ai an aza godiya ta."

"A'a, an ƙoshi na."

Sandunan nan biyu suna tsaye tsakanin ƙafafunmu ba mai riƙe da su. Da ba don goro ba da sai dai mu gaisa da mutanen Maraɗi. Da muka sauka Kyaftin ya gaya wa Bitrus cewa tun da ya fara koya mini bai taɓa jin daɗin tuƙina kamar na ranar ba, har yana shirin cewa na iya.

Daga nan ya kafa doka. Mai bayarwa ya ce "Karɓi," mai karɓa ya ce "Na karɓa," sannan a saki. In kuma ɗaya ya ga haɗarin da ɗayan bai gani ba, ya ce "Saki!" da ƙarfi ya ƙwace, ko wane ne. Ta farko na iya. Ta biyun ce ta gagara. Yakan ɗaga hancin jirgi da gangan ya rage wuta, gudu ya yi ta raguwa, wani ƙaho ya fara kuka kamar an taka ɗan akuya. Wannan kukan ma'anarsa fukafukai sun kusa sakin iska, in suka saki jirgi ya faɗo kamar buhu. Maganinsa ka tura hanci ƙasa ka ba da wuta, wato ka nufi abin da kake tsoro. Yana riƙe da sanda yana jira in ce saki. Ni kuwa sai in ce, "Bitrus, in Baba ya ga dama, ko a ɗan sassauta hannu." Ya gyara jirgin da kansa, muka sauka, ya ce wa Bitrus, "Hwaɗa mashi hannunai ya iya, ƙahwatai ta iya. Amma mutumin da ba shi iya ƙwace jirgi ba ni ba shi jirgi." Abin ya yi mini ciwo, don na san gaskiya ce.

Shekarar nan ita ce mummunar shekara. Ruwa ya yi kyau, gero ya yi kai, shinkafa ta yi nono, sai tsuntsu ya zo daga arewa irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Kyaftin na leƙe da rana, feshi da yamma, yana gyangyaɗi a inuwar fiffike tsakani. Manoma suka tare a rumfarmu, su kewaye Bitrus da rediyonsa tun safe, kowa na jiran ya ji yau gefen wa za a nufa. Kaka na matsowa, ni kuma ina nan inda nake.

Wata la'asar muna dawowa daga leƙen wani makwanci wajen Maikujera, Kyaftin na tuƙi, muna ƙasa-ƙasa. Tsuntsu ya tashi a gabanmu baƙi ƙirin, akwai shirwa a cikinsu tana farauta. Ban gan ta ba sai da na ji kamar an harba bindiga. Gilashin gaba ya fashe ta gefen dama, iska ta shigo tana ihu, kwalin da ke tsakaninmu ya yi waje. Kyaftin ya zabura baya, ya tafi da sanda har cikinsa, ya ƙanƙame ta da hannu biyu. Hancin jirgi ya kalli sama. Ƙaho ya fara kuka. Sandata da tasa a haɗe suke, na tura tawa, ko motsi.

Na ce, "Baba, in an ga dama..." Iska ta tafi da maganar. Na danna maɓalli. "Bitrus, a ce ma Baba..."

"Me? Ban ji ba! Maimaita!"

Na sake danna maɓalli, jirgi ya fara kakkarwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na juya dama na kalli surukina, karo na farko a rayuwata, na ga jini da gashin tsuntsu inda ya kamata in ga fuska. Tsoro ya kama ni, kuma tsoron ne ya buɗe mini baki.

"Attahiru! Saki! Na ce saki, Attahiru!"

Na kai wa wuyan hannunsa duka. Ya saki. Na tura hanci ƙasa na ba da wuta duka, kawunan gero suka taso har ina ganin tsuntsun da ke kansu, sannan fukafukai suka kama iska muka ɗago. Filinmu na hannun dama, na duba ta gaban fuskarsa na juya. Ba gyaran murya, ba saƙo. Na gangaro, na ja inda na ga ya dace, muka buga, muka ɗan yi tsalle, muka zauna.

Sai da na kashe inji na lura babban yatsana na kan maɓallin rediyo, ban ɗaga shi ba tun daga Maikujera. Rumfa cike da mutane, ba mai ko tari. Aka ciro Kyaftin aka sa a mota. Dattijon nan mai ƙarar tsuntsu ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Mun ji. Dut mun ji."

Kafin motar ta kai asibiti a Sakkwato labari ya zagaye Wurno. Wasu suka ce na ceci rai, wasu suka ce an ga ƙarshen zamani, wasu ma suka ce ni na fasa masa ido da mari. Luba ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina. "Da gaske sunanai kak kira? Hat sau biyu?" Na ce da gaske. Ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa duka biyun.

Idon dama bai dawo ba, Kyaftin bai sake tuƙi ba. Kafin a samo wani matuƙi tsuntsu ya ci abin da ya ci, har gonar mahaifina a Rara, kuma na ga manyan mutane suna kuka a bakin gonakinsu. Daga kan gadon asibiti Kyaftin ya aika wa kamfani cewa na isa. Aka turo wani malami ya gwada ni, na tashi ni kaɗai kafin a gama yankan shinkafa, fili bai rufe ba. Bayan ƙarin karatu mai tsawo aka ba ni jirgin feshi, na yi aikin har nawa idon ya fara gajiya. Amma ranar da na je gaida shi asibiti nake so ku ji.

Na tafi da Bitrus, na tuɓe takalmi a bakin ɗaki na durƙusa. An naɗe masa rabin kai da bandeji. Ya ce, "Bitrus, tahi ka sha iska." Bitrus ya dube ni kamar mai barin maraya, ya fita.

"Sahabi, matso."

Na matso da gwiwa. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ka san mi yas sa nis saki?"

"A'a, Baba."

"Ba dukan ba na, ban ma ji shi ba. Tun da Inna tar rasu ba wanda yak kira ni Attahiru tsirara da tsawa hakan ga. Kowa Kyaftin, kowa Baba. Ido ya ruhe, iska na busawa, sai nij ji an kira ni. Nic ce to, an gama, na iso, ga Inna can tana hwaɗa. Ita ko in tac ce saki, ko nama na a bakina sai in saki." Ya ɗan yi dariya, ciwon ya hana shi. "Hat na yi murna, ka sani. Nic ce yau ina ganinta."

Ya juyo da kai wajena.

"Sake kira in ji," ya ce.

Na kalli siminti. Na ce a hankali, "Attahiru."

"A'a, ba haka ba. Ita da tsawa taka yi."

Na duba ɗakin, marasa lafiya a jere, masu jinya na fifita. Na cika ƙirjina da iska na daka masa tsawa da sunansa, yadda na yi a sama. Wani da ke gadon kusa ya zubar da kokonsa, malamar asibiti ta shigo da gudu, Bitrus na bayanta. Kyaftin bai ko dube su ba. Ya rufe idon da ya rage masa, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, ya amsa da 'yar ƙaramar murya.

"Na'am, Inna."